Likitocin haƙori a Nijar: wa ake turawa karatu, wa ke komowa karkara?

Tun ranar 1 ga watan Satumban 2024 aka fara aiki da ragin kashi 50 cikin 100 na kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da tiyata a asibitocin gwamnati, bisa shawarar da majalisar ministoci ta yanke a watan Agustan shekarar. Jama'a sun yi marhabin da matakin, domin ya rage wa iyalai da dama nauyi. To sai dai ragin farashi yana amfanar wanda ya samu mai duba shi ne. Manomin da turminsa ya kumbura a wani ƙauyen Dakoro ko Gure ko Abalak, ba farashin cire haƙori ne damuwarsa ta farko ba. Damuwarsa ita ce kuɗin mota zuwa Maradi ko Damagaram ko Tawa, da wurin kwana, da kwanakin da zai bar gona, da kuma tsoron ya isa ya tarar injin ya lalace. Daga Gure zuwa Damagaram kimanin kilomita 160 ne, kafin a lissafa tafiyar amalanke ko babur daga ƙauye zuwa bakin kwalta.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Mai ciwon zai sayi ƙwaya wajen mai tebur a kasuwa, wani lokaci har da taramol, ya danne zogin na kwana biyu. In abin ya ƙi, ya nufi wanzami ko wani mai yawon cire haƙori ranar kasuwa. Wasu suna dacewa. Wasu kuma saiwar haƙorin ta karye a ciki, mugunya ta taru, kumburi ya gangaro wuya, sai a kawo su babban asibiti numfashi na neman gagara. Ciwon da ƙaramin ciko zai iya tsayarwa tun farko ya koma na ɗakin tiyata.

Nijar na da mutane fiye da miliyan 25, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na zaune ne a karkara. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, yankin Afirka baki ɗaya na da kimanin likitocin haƙori 3 ga kowane mutum dubu 100. Nijar ba ta kai ko ɗaya ga dubu 100 ba, kuma ƴan kaɗan ɗin da ake da su mafi yawansu a Yamai suke, sauran a manyan biranen jihohi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: su wa ake turawa wannan karatu tun farko, kuma daga ina suka fito?

Baki ba ƙaramin abu ba ne

Akwai masu ganin cewa a ƙasar da masassarar cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa ke ci gaba da ɗaukar rayuka, maganar haƙori maganar masu ƙoshi ce. Ciwon noma kaɗai ya isa ya rushe wannan tunani. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, daga harshen Girka ya fito, daga kalmar da ke nufin cinyewa, kuma abin da ciwon ke yi ke nan. Yana farawa da ɗan kumburi da jini a dasashin yaro, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ko dussa ko masassara ta raunana. Cikin kwanaki kaɗan ya huda kumatu, ya ci leɓe da hanci, har ƙashin muƙamuƙi. OMS ta ƙiyasta tun 1998 cewa yara dubu 140 ke kamuwa a shekara a duniya, kuma in ba a yi magani ba har 9 cikin 10 na iya mutuwa. Ranar 15 ga Disamban 2023 hukumar ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.

Mutanen Damagaram ba su jira Geneva ta gaya musu ba. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana karɓar yaran noma a birnin tun farkon shekarun 1990, ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus ita ma ta daɗe tana aiki a ƙasar, sannan a ƙetaren iyaka akwai asibitin yaran noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999. Aikin gyaran fuska da ake yi wa waɗanda suka tsira yana da tsada, yana ɗaukar shekaru, sau da yawa sai an jira ƙwararru daga waje. Alhali a matakin farko, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metironidazol da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai buɗe bakin yaron a kan lokaci ya gane abin da yake gani.

Tibirin Gobir ma darasi ce. Daga tsakiyar shekarun 1980, ruwan famfon garin ya ƙunshi sinadarin fuliwo da ya ninka miligiram 1.5 a lita, iyakar da OMS ta gindaya, har sau uku ko fiye. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu, lamarin da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kansa a 2002. Yawan fuliwo a haƙora yake fara nuna kansa, da fari-fari sannan ja-ja ko ƙasa-ƙasa, tun kafin ƙashi ya lanƙwashe. Da a ce akwai ma'aikacin da aikinsa ne zagaya lakkol-lakkol yana duba bakin yara, da wuya a ɗauki waɗannan shekaru kafin a tuhumi ruwan.

A ƙara da haɗurran kabu-kabu da ke karya muƙamuƙin matasa, da sukarin da ke ƙara shiga ƙauyuka ta hanyar shayi da alawa da lemon leda. Asuwaki na da amfaninsa, kuma masana ba su musa ba, amma ba ya cike kogon da ya riga ya buɗe.

Tankaɗen da ke zubar da ɗan ƙauye

Karatun likitan haƙori shekara 6 ne aƙalla bayan bakaloreya, kuma sai wanda ya yi fannin kimiyya, wato BAC D ko C, da maki mai kyau. Tsawon shekaru, mafi yawan likitocin haƙorin ƙasar nan a waje suka yi karatu: Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, Abijan, Bamako, Maroko, Aljeriya da makamantansu. Ke nan ƙofar ƙarama ce, kuma a bayanta akwai wasu ƙofofin da ɗan karkara ke faɗuwa a kowace.

Yaron da ya gama firamare a ƙauye, in ya samu shiga CEG, sau da yawa sai ya bar gida ya koma garin da makarantar take, hannun mai masauki. In mai masaukin na da hali da tausayi, to. In babu, yaron zai zama mai ɗebo ruwa da kiwon awaki, ya shiga aji da yunwa. Da yawa ba sa kai wa ga BEPC. Wanda ya tsallake ya shiga lise, zai iya tarar da babu malamin lissafi ko na fizik na dindindin, sai ɗan kwantaragi da ke jiran albashi, ɗakin gwaje-gwaje kuwa sai a littafi. Shi ya sa ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da dama ke karkata zuwa fannin adabi, ba don shi suke so ba. Sannan ga jarrabawar kanta: daga 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci bakaloreya a faɗin ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba a kowace shekara.

Ga ƴa mace lamarin ya fi tsanani. A alƙaluman UNICEF, kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma iyaye da yawa, ba tare da sun ƙi boko ba, ba sa yarda su miƙa budurwa ga gidan da ba su sani ba a wani gari. Makarantun kwana na ƴan mata da aka fara ginawa, irin ta Kelle a gundumar Gure wadda aka buɗe a 2021, amsa ce ga wannan tsoro, amma yawansu bai kai ko kusa da buƙata ba.

Wanda ya rage a ƙarshen wannan tankaɗe, galibi ɗan birni ne, ɗan ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wanda ya yi makaranta mai zaman kanta, yana da malamin gida, kuma akwai wani a dangi da ya san ranar da ake ajiye takardun neman bursu a hukumar ANAB da irin takardun da ake buƙata. Babu laifi a kansa. Amma wanda aka haifa a Yamai, ya yi shekara 6 a Dakar ko Kasabalanka, ya dawo, iyayensa da abokansa da matar da zai aura duk suna Yamai, masu iya biyan kuɗin ciko da haƙorin roba su ma suna Yamai, me zai kai shi Tanut? In an tura shi zai je, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana neman hanyar canji.

Abin da aka gwada a wasu wurare

OMS ta yi nazarin wannan matsala sau biyu, a 2010 da kuma 2021, inda ta fitar da shawarwari 17 kan yadda za a samu ma'aikatan lafiya a karkara kuma a riƙe su. Daga cikin waɗanda ta fi ƙarfafawa akwai wannan: a ware gurabe da gangan ga ɗaliban da suka tashi a karkara, domin bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna su ne suka fi komawa su zauna. Ta haɗa da cewa a kai makarantun kusa da karkara, a tura ɗalibai koyon aiki a ƙananan asibitoci, kuma a gyara wurin aikin da za su tarar.

Tailan ta bi wannan hanya tun tsakiyar shekarun 1990 da wani shiri na ɗaukar ɗaliban likitanci daga larduna, a koyar da su a asibitocin yankunansu, su koma can aiki. A 2005 ta ƙara da shirin "gunduma ɗaya, likita ɗaya", wanda ke biya wa ɗalibi komai, shi kuma ya ɗauki alkawarin shekara 12 a yankinsa. Ostireliya, duk da arzikinta, ta rasa likitocin haƙori a ƙauyukanta, sai ta buɗe sababbin makarantun haƙori nesa da manyan birane a 2009, ɗaya a Cairns ɗaya a Orange.

Misalin da ya fi kama da halin da ake ciki a nan shi ne na Ingwavuma, a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. A 1999 wani likita mai suna Andrew Ross na asibitin Mosvold, da ya gaji da neman ma'aikatan da ba sa zuwa, ya koma makarantun sakandaren yankin neman yara. An ce masa ɗaliban waɗannan makarantu ba za su iya jami'a ba. Tsarin da ya kafa, wanda yau ake kira gidauniyar Umthombo, mai sauƙi ne: jama'ar yankin na cikin kwamitin zaɓe, ɗalibi na da mai bibiyar karatunsa duk wata, a lokacin hutu yana dawowa ya yi aiki a asibitin garinsu, kuma duk shekarar da aka biya masa zai rama ta da shekarar aiki. Ɗaruruwa sun kammala, likitoci da likitocin haƙori da masu haɗa magani da sauransu, kuma waɗanda ke cin jarrabawar ƙarshen shekara sun haura kashi 90 cikin 100. Kuɗin makaranta kaɗai bai kawo wannan sakamako ba. Bibiyar ce, da kuma sanin cewa duk garin na kallonka.

A maƙwabciya Mali kuwa, tun 1989 ƙungiyar Santé Sud ke taimaka wa matasan likitoci su kafa kansu a ƙauyuka, da kayan aiki na farawa da wutar rana da horo na musamman da ƙungiyar da suke haɗuwa su tattauna. Cikin shekara 20 sun haura 100.

Waye "ɗan karkara"?

A ce gobe ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kiwon lafiya sun amince su ware gurabe. Rigima ta farko za ta tashi ne kan wanda ya cancanta. In aka ce takardar haihuwa, an buɗe ƙofar maguɗi, domin manyan Yamai da yawa na da ƙauyen asali, kuma takardar da alƙali ke bayarwa a madadin ta haihuwa ba ta da wuyar samu. Ma'aunin da ya fi wuyar murɗawa shi ne makarantar da yaro ya yi: ina ya yi firamare, a wace CEG ya zauna BEPC. Waɗannan suna rubuce a rajistar hukumomin ilimi shekaru kafin kowa ya san za su yi amfani.

Rigima ta biyu ta fi zafi, wato zargin ɓangaranci. Nijar ƙasa ce da ke ƙyamar duk abin da ya yi kama da rabon jiha-jiha ko ƙabila-ƙabila, kuma tana da dalili. Amma rabon da ake magana a kai bai shafi harshe ko asali ba. Ɗan ƙauyen Walam da ɗan ƙauyen Magarya da ɗan makiyayin Ingal matsalarsu ɗaya, dukansu nesa suke da kujerar likitan haƙori. In aka ɗaura gurbin a kan gundumar kiwon lafiya, kuma ƙasar na da 72, to kowace jiha ta samu gwargwadon gundumominta, kuma wanda aka zaɓa ya san tun ranar farko asibitin da ke jiransa.

Ta uku ita ce tsoron rage inganci. Wannan ƙorafi ba a yi masa dariya, domin hannun da zai riƙe allura a bakin mutum dole ya ƙware. Amma akwai bambanci tsakanin ƙofar shiga da ƙofar fita. Yaron da ya samu 12 cikin 20 a lisen da aka yi wata huɗu babu malamin kimiyya, da fitilar hannu ya yi bita, ba lalle ne ya gaza wanda ya samu 14 a makarantar kuɗi ba. Ana iya sassauta masa wajen shiga, a ba shi shekarar share fage ta lissafi da kimiyya da Faransanci, sannan jarrabawar fita ta zama ɗaya ga kowa ba sani ba sabo.

Shiga ba shi ne gamawa ba

Duk wanda ya bi labarin jami'o'in ƙasar nan ya san cewa jinkirin biyan bursu na cikin abubuwan da suka fi fito da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi, gwamnati bayan gwamnati. Ɗan mai hali, in bursu ta makara wata uku, zai kira gida. Ɗan manomi kuwa gidan ne ke kiran sa, musamman a watannin da rumbu ya ƙare damina ba ta nuna ba. In yana waje abin ya fi muni: mai gidan haya a Dakar ko Rabat bai san da wani jinkirin baitulmali ba.

Kuma karatun haƙori na da wani nauyi da na sauran fannonin lafiya ba su cika ɗauka ba. A makarantu da dama ɗalibi ne ke sayen wani kaso na kayan koyon aikinsa, ƙarafunan hannu da haƙoran gwaji da kayan ɗaukar siffar baki, kuma duk daga waje ake shigo da su. Bursun da aka lissafa don abinci da ɗaki ba ta ɗaukar wannan. Shirin da bai sa kuɗin kayan aiki da kuɗin motar zuwa gida sau ɗaya a shekara a cikin lissafinsa ba, zai ɗauki yara goma ya kammala da uku, sannan a ce ai an gwada, ƴan ƙauye ba sa iyawa.

Akwai kuma abin da ba a iya sa wa farashi. Ɗalibin da ya fito daga gidan da babu wanda ya taɓa shiga jami'a yana jin kunyar tambaya, yana ɓoye faɗuwar jarrabawar farko har sai ta zama ta biyu. Likita ɗaya daga yankinsu da zai riƙa kiran sa a waya sau ɗaya a wata na iya hana hakan. Sannan hutun damina, maimakon ya tafi a banza, ya yi shi a asibitin gundumarsu ko a wata CSI kusa da majo, yana duba bakin yara ranar awo da rigakafi. Mutanen garin su saba da fuskarsa, shi ma ya saba da aiki inda babu komai sai fitila da madubi.

Harshe ma na cikin ribar. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Uwar da ke ganin kumburin kumatun ɗanta iska ce ko sammu, ba takardar Faransanci za ta sauya mata ra'ayi ba, sai wanda ya san yadda ake faɗin abin a garinsu, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, kuma ya san wa ke yanke shawarar fita da yaro daga gida, uba ne ko kaka.

Ina za a koyar da su?

Tsangayoyin kimiyyar lafiya yanzu ba a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kaɗai suke ba, akwai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma biranen biyu na da manyan asibitoci. Jihohin Maradi da Damagaram da Tawa su ne suka fi yawan jama'a, a can ne kuma tamowa da noma suka fi yawa. In za a zuba kuɗi a koyar da aikin haƙori a cikin gida, hankali ya fi karkata ga ɗaya daga cikin waɗannan birane, ba a sake tara komai a bakin kogin Isa ba. Sai dai a faɗi gaskiya, makarantar haƙori na da tsada: kujeru da dama, ɗakin ƙera haƙora, na'urar hoto, da malamai masu digirin koyarwa waɗanda su kansu sai an yi shekaru ana horar da su.

Kafin nan akwai maƙwabta. Bamako na da tsangayar likitanci da haƙori da kuma babbar cibiyar kula da baki da haƙori, Wagadugu ma na koyar da fannin. Tun da ƙasashen uku suka kafa tarayyar AES a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024, ana yawan maganar haɗin kai a fannin tsaro da fasfo, amma yarjejeniyar gurabe goma ko ashirin a shekara ga ɗaliban haƙori, da kuɗin makaranta irin na ƴan ƙasa, abu ne da ministoci biyu za su iya sa wa hannu a zama ɗaya. A kudu kuma, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri duk suna da tsangayar haƙori. Kano ta fi kusa da Damagaram nesa ba kusa ba a kan Yamai, kuma marasa lafiyar da ɗalibi zai koyi aiki a kansu Hausa suke ji. Cikas ɗin shi ne Ingilishi, da daidaita takardun digiri, da kuma dangantakar gwamnatocin biyu da ta yi tsami tun bayan Yulin 2023.

Likita ko ma'aikacin tsakiya?

Wasu masana kiwon lafiyar jama'a na da wata hujja mai ƙarfi: ko da an fara yau, likitan farko ba zai fito ba sai bayan shekara 6 ko 7, kuma likita ɗaya a gundumar mai mutum dubu 500 ɗigon ruwa ne a rairayi. A ganinsu gara a horar da ma'aikatan tsakiya na shekara 3, a kuma ƙara wa ma'aikatan jinya na CSI ilimin baki. Tarihi na goyon bayansu. Niyuzilan ta fara horar da ma'aikatan jinyar haƙori domin makarantun firamare tun 1921. A Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙirƙiro hanyar ciko da ƙarafunan hannu kawai, ba injin ba lantarki, kuma a 2021 OMS ta sanya sinadarin da ake wannan ciko da shi, tare da man goge baki mai fuliwo da wani ruwan azurfa da ake shafawa ya tsayar da ruɓewa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba.

Suna da gaskiya, amma ba duka ba. Ma'aikacin tsakiya na buƙatar wanda zai koyar da shi, ya riƙa kai masa ziyara, ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa: karayar muƙamuƙi, kumburin da ya sauko wuya, gyambon da ya ƙi warkewa wanda mai yiwuwa sankara ce. In wannan mutumin yana Yamai, kilomita 900 daga Damagaram, to babu shi ke nan. Abin da ya fi dacewa shi ne tsani guda: yaron ƙauye ya fara a matsayin ma'aikacin tsakiya, ya yi ƴan shekaru a gundumarsu, wanda ya nuna ƙwazo a buɗe masa hanyar zama cikakken likita ba tare da ya koma farko ba. Wanda ya riga ya yi aure ya gina gida a Mayahi kafin ya tafi ƙarin karatu, da wuya Yamai ta riƙe shi.

Ranar da ya dawo

A nan ne shirye-shirye da yawa ke mutuwa. Matashi ya kammala, ya yi aikin bautar ƙasa na shekara 2, sannan ya zauna jiran ranar da gwamnati za ta ɗauki ma'aikata, ko ya karɓi kwantaragi. Likitocin ƙasar nan sun sha kokawa kan wannan jira. Ba za a ɗaure mutum da alkawarin shekara 6 ko 10 a karkara ba alhali ita gwamnatin ba ta ɗaure kanta da ba shi lambar ma'aikaci ranar da ya ajiye takardarsa ba. Alkawarin ya hau kan ɓangarorin biyu, da tarar da aka rubuta a fili ga wanda ya gudu, wadda ta kai abin da aka kashe masa, don kada mai asibitin kuɗi ya biya masa ita cikin sauƙi ya ɗauke shi.

Kuma sai ya tarar da abin aiki. Kujerar haƙori na son lantarki da injin iska da ruwa mai tsabta da tukunyar dafa ƙarafuna. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuma ƙasa da haka sosai, wannan na nufin faifan wutar rana da batura da makanikin da zai zo in abu ya lalace. Katsewar wutar da ke zuwa daga Najeriya a watannin takunkumin CEDEAO ta nuna cewa ko manyan birane ba su tsira ba. Likitan da aka tura ɗaki babu allurar kashe zafi babu kayan ciko zai koma mai cire haƙori kawai, abin da wanzami ke yi a kan kuɗi kaɗan, kuma ba zai daɗe ba.

Ƙananan hukumomi na da rawar da za su taka a nan, ko da yake tun watan Afrilun 2024 kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da su. Gidan kwana ga likita, fili, ko ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya daga kuɗin harajin kasuwa, ba su fi ƙarfin gari irin Tasawa ko Madawa ko Ƙonni ba. Haka ma attajiran Maradi da ƙungiyoyin ƴan asalin garuruwa da ke zaune a Yamai da Kwatano da Legas, waɗanda suka saba haɗa kuɗin gina masallaci da aji da rijiya.

A taron Bankok na watan Nuwamban 2024, ƙasashe sun jaddada burin OMS na cewa kafin 2030 kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya su samu damar kula da lafiyar baki a cikin tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa. Ɗalibin da zai fito da digirin haƙori a 2030 ya riga ya shiga aji. Wanda zai fito a 2035 yanzu yana CEG ko ajin farko na lise, wataƙila a gidan wani mai masauki a Tanut ko Dakoro, kuma nan da shekara ɗaya ko biyu ne zai zaɓa tsakanin fannin kimiyya da na adabi.